Garmaho Mai Jan Murya: Laifin Roba Ne ko na Wuta?

Tsohon garmaho ba ya mutuwa farat ɗaya. Kafin ya tsaya cik, sai ya daɗe yana yi wa mai shi ƙarya. Wani ya ja muryar mawaƙi ta yi kauri, kiɗan ya yi sanyi. Wani ya figi waƙar da gudu har dattijo ya koma yaro. Wani kuwa ya riƙa lilo da sauti, ya hau ya sauka, har mai sauraro ya ji kansa na juyawa. Duk ukun suna da magani, kuma yawanci maganin ba mai tsada ba ne. Gane cutar shi ne aikin. A ƙasashen da wutar lantarki take zaune daram, mai gyara yakan fara da buɗe cikin na'ura. A wajenmu, wanda ya fara da sukuddireba ya soma daga tsakiya, domin sau da yawa garmahon lafiyarsa lau, wutar da ake ba shi ce ba ta da lafiya.

Ba abin mamaki ba ne a tarar da irin waɗannan na'urori a tsofaffin gidajen Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, an lulluɓe su da zane, an jera musu kwanuka a ka. Zamanin da faifai yake tashe shi ne zamanin da kuɗi suka fara shigowa yankin da ƙarfi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, lokacin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo hanyoyin da aka gina masa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya tashi daga na jigo a bakin rafi ya koma na alkama da tumatir da shinkafa. A farkon 1975 ma'aikatan gwamnati suka karɓi ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji. A 1977 aka buɗe sakandaren kimiyya ta Dawakin Kudu. Malamin makaranta da ma'aikacin ban-ruwa da alhajin da ya dawo da tsaraba, kowa na son a ga rediyogiram, wato rediyo mai haɗe da garmaho, a falonsa, inda wuta ba ta kai ba kuma a yi da ƙarami mai batir. A kai ake ɗora faya-fayan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos waɗanda kamfanonin Legas suka buga, da waƙoƙin finafinan Indiya, da karatun Alƙur'ani na maƙarantan Masar. Kaset ya zo ya ture faifai, aka rufe garmaho shekara talatin ko arba'in. Yanzu 'ya'ya da jikoki ne ke yaye zanen, su jona wuta, su ji abin da ya fito bai yi kama da abin da suka sani ba.

Faifai ba ya ɗauke da lokaci a cikinsa. Abin da aka zana a jikinsa siririyar hanya ce guda ɗaya mai murɗe-murɗe, wadda allura ke bi daga baki zuwa tsakiya. Garmaho ne yake ba wannan hanya lokaci, in ya juya faranti da saurin da aka yanka faifan da shi. Tsofaffin faya-fayai masu nauyi da saurin fashewa juyi 78 suke so a minti. Babban faifai mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, juyi 33 da sulusi yake so. Ƙaramin nan mai waƙa ɗaya a kowace fuska, da RCA Victor ya kawo a 1949, nasa 45 ne. In saurin ya ƙaru da kashi 6 cikin 100, kowane sauti ya tashi daga maɓallinsa na fiyano ya koma na gaba da shi. In ya ragu da haka, ya sauko. Kunne yana da yafiya ga kuskuren da ya zauna wuri ɗaya; kashi 1 cikin 100, mafi yawanmu ba za mu ji ba. Abin da kunne ba ya yafewa shi ne rawa, ko da ba ta kai rabin haka ba.

Kuma ba kowane kiɗa ne ke tona asirin garmaho ba. Kalangu da kansa hawa da sauka yake yi, makaɗi na matse igiyoyin jikinsa yana saki, saboda haka faifan Shata zai iya rufa wa garmaho asiri wata da watanni. Kuntigi ma tsinke-tsinke ne, sautin ba ya daɗewa. Mai son jin gaskiya ya ɗora faifan da ke da kukuma ko goge ko algaita, ko waƙar Indiya mai sarewa, inda sauti ɗaya ke miƙewa ya daɗe. Nan take ake jin ko miƙewar ta tafi sak, ko tana lilo a hankali, ko tana makyarkyata da sauri. Kowanne da inda yake nuni. Lilo mai tafiya daidai da juyin faranti, sau ɗaya a kusan daƙiƙa biyu, a nemi dalilinsa a faifai ko faranti ko bel. Makyarkyata mai sauri takan fito ne daga moto ko fulin da ke kansa ko 'yar tayar roba, abubuwan da ke juyawa da gudu. Jan murya ko gudun da ba ya canzawa kuwa, a fara tuhumar wuta.

Kafin a ɗora wa na'ura laifi, a dubi faifan. Zafin bazarar Kano a ɗakin kwano ya isa ya lanƙwasa faifan roba, musamman wanda aka jingine a karkace ko aka bari a taga. Akwai kuma wanda tun daga kamfani ramin tsakiyarsa bai zauna a tsakiya ba. A durƙusa a sa ido a kan hannun allura. In yana kai-komo dama da hagu a kowane juyi, ramin ne. In yana hawa da sauka, lanƙwasa ce. A sauya faifai. In lilon ya tafi, garmaho ya kuɓuta.

Sai ƙirge, gwajin da ba ya cin ko sisi. A manna ɗan guntun farar takarda a gefen faranti, a ɗora faifai, a sauke allura a kai, a buɗe agogon waya. A kan 33 da sulusi, faranti zai yi juyi 100 cif a minti 3. Daɗin lissafin ke nan: adadin da ka ƙirga shi ne makin garmahon bisa ɗari. Ka sami 94, yana ja da kashi 6. Ka sami 103, yana gudu da kashi 3. A kan 45 kuwa, juyi 135 ake nema a minti 3. Akwai manhajojin waya da ake ɗora wayar a kan faranti su faɗi saurin, kuma suna da amfani wajen nuna lilo, amma ni na fi yarda da takarda da agogo, don ba sa buƙatar a yarda da kowa. A yi ƙirgen da na'ura tana sanyi, a sake bayan ta yi rabin awa tana aiki. A yi da wutar NEPA, a sake da janareta. Bambancin da ke tsakanin waɗannan lambobi ya fi duk wani hasashe.

Mai gyaran rediyon da ya san aikinsa, in saurayi ya sauke masa garmaho ya ce, "Baba, na mahaifinmu ne, jan murya yake yi," ba zai taɓa noti ko ɗaya ba sai ya tambaya: "Da wace wuta ka kunna shi, ɗana?" Ga dalili. Wutar gida ba ƙarfi kaɗai gare ta ba, tana da bugu: takan je ta dawo sau 50 a kowace daƙiƙa a Najeriya da Nijar. Mafi yawan garmahon shekarun 1960 da 1970 motonsu ba shi da wani agogo na kansa. Wannan bugun yake bi sau da ƙafa. Bugun ya ragu, faranti ya ragu. Ƙaramin janareta na fetur kuwa sai injinsa ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da bugu 50, kuma abin da ke riƙe shi a nan shi ne gwamna, wanda duk makanikin da ke gyaran injin ban-ruwa a Kura ya san shi ciki da bai. An kunna firji ko dutsen guga, injin ya yi nishi, bugu ya faɗi, muryar mawaƙi ta faɗi da shi. Gwamna ya ja maƙura, ta dawo. Janaretan da ke ba da 47 zai juya faranti sau 94 inda ake son 100. Sau da yawa ma makaniki ne yake ɗaure notin gwamna don ƙwan ɗaki ya ƙara haske, bugu ya haye 53, waƙa ta riƙa tsere. Ga firji da fanka wannan ba wani abu ba ne. Ga faifai, wata murya ce dabam.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne ban takaici. Garmaho da yawa suna da ɗige-ɗige a gefen faranti da 'yar jar fitila kusa da su. Fitilar tana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa da bugun wuta, layin 33 da sulusi kuma ɗigo 180 ne, an lissafa shi yadda in saurin ya yi daidai, ɗige-ɗigen za su zama kamar a tsaye suke. Mutum ya duba ya ga sun tsaya cak, ya rantse garmahonsa daidai yake, kunnen mutane ne ya lalace. Bai lura da cewa fitilar da moton daga wuta ɗaya suke sha ba. Bugu ya faɗi zuwa 47, moto ya rage gudu, fitila ma ta rage ƙiftawa daidai wa daida, ɗige-ɗige suna nan a tsaye. Mai awo ne ya auna maka shinkafa da tiyar da aka buge wa gindi, da ka yi ƙorafi ya sake aunawa da ita ya ce ga shi nan cif. Akasin haka ma yana faruwa. Garmahon da motonsa ke da na'urar daidaita kansa, amma fitilarsa na bin bugun wuta, zai nuna ɗige-ɗige na tafiya alhali saurinsa lafiya lau, mai shi ya kama maɓalli ya murɗa har ya ɓata abin da yake daidai. Fitilar da za a yarda da ita a kan janareta ita ce wadda ke ƙiftawa da agogon kwatz na cikin na'urar, irin ta Technics SL-1200 MK2 ta 1979. Sauran duka, a koma ga takarda da agogo.

Wutar NEPA ta fi janareta natsuwa ta wannan fuska. Ƙa'idar babban layin wuta na ƙasa ita ce bugun ya zauna tsakanin 49.75 da 50.25, kuma ko da yake rahotannin hukumar kula da wutar lantarki ta NERC sun sha nuna yana ƙetare wannan iyaka, ƙetarewar ba ta cika kai yadda kunnen talaka zai ji ba. Cutarta ita ce rauni. A ƙauyen da taransifoma ɗaya ke ɗauke da injinan casa da na niƙa da gidaje, wutar da ya kamata ta zo da bolt 230 takan iso a galabaice. Ƙaramin moton da ke cikin rediyogiram, in wuta ta yi rauni, ƙarfin jansa ke raguwa, ya kasa riƙe gudu da zarar allura ta sauka. Sitabilaiza tana maganin wannan. Amma a sani, sitabilaiza ƙarfin wuta take gyarawa, ba ruwanta da bugu. Wanda ya saya don ta gyara masa lilon janareta ya yi asarar kuɗinsa.

Akwai kuma garmahon da aka haife shi a wata wuta. Amurka bugu 60 take amfani da shi, haka ma Saudiyya, inda alhazanmu suka daɗe suna sayo kayan lantarki. Na'urar da aka saita wa 60, in aka kawo ta Kano, za ta rasa kashi ɗaya cikin shida na saurinta: ƙirgen minti 3 zai ba da 83, fuskar faifai mai minti 20 ta ci minti 24. 'Yar taransifomar da ake haɗawa da kayan Amurka bolt kawai take saukewa. A juya bayan na'urar a karanta ɗan allon ƙarfen da ke liƙe, an rubuta 50 ko 60. Maganin shi ne a sauya fulin da ke kan moto da wanda ya fi shi kauri da kashi ɗaya cikin biyar. Wasu kamfanonin Japan sukan haɗo fuli biyu, ɗaya a ɗaure a ƙarƙashin faranti, don haka a leƙa kafin a tafi nema. In babu, ƙwararren mai sassaƙa ƙarfe zai iya fitar da shi da tagulla, matuƙar ya auna da kyau. Naɗa salatif ko zare a kan fuli yana ɗaga saurin, amma makyarkyata yake bari a madadin jan murya.

Abin da na ga ya fi dacewa da wannan yanki shi ne batir da inbata. Sola ta riga ta shiga gidaje da gonakin rani, ba baƙuwa ba ce. Inbata tana ƙirƙirar bugunta na 50 da agogon cikinta, ba ta san an kunna firjin maƙwabci ba, garmaho kuma wutar da yake ci ba ta kai ta fanka ba. Sai dai a nemi mai ba da wuta sumul. Mai arha, wadda ke sa fanka kuka, za ta sa moto ya yi zafi, lasifika ta yi gurnani.

In wuta ta fita daga zargi, sai roba. A cire wuta, a ɗaga shimfiɗar faranti, a ɗaga farantin kansa. Abin da za a gani ɗaya ne cikin uku: siririn bel da ya zagaye fuli da gindin faranti, ko 'yar tayar roba da ke shiga tsakanin moto da cikin bakin faranti, ko kuma babu ko ɗaya, farantin a kan moton yake zaune.

Bel ɗin da ya shekara talatin a zafinmu ko ya saki, ko ya bushe ya tsattsage, ko ya narke. Narkakken shi ne abin gani. Ba za ka tarar da bel ba sam, sai wani baƙin danƙo da ya naɗe fuli ya bi gindin faranti, ka taɓa ya bi yatsa, ka shafa a riga ya zauna har abada. Da tsinken ashana ake fara ɗebe shi, sannan auduga da sifirit, a goge a sauya auduga, a goge a sauya, har sai ta fito fara. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora sabon bel a kan ragowar danƙo, lilon da ya gudu daga gare shi zai tarar. Wajen auna sabo, a zagaya zare ta hanyar da bel ke bi, a rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na tsawon. In ya cika ɗamewa zai ja moto gefe ya cinye bushinsa. In ya yi sako-sako zai riƙa zamewa. Kaurinsa ma yana shiga lissafi, abin da mutane da yawa ba su sani ba: bel mai kauri yana ƙara gudu kaɗan, domin tamkar ya ƙara wa fuli faɗi ne. Shi ya sa robar ɗaure kuɗi, ko wadda aka yanko daga tayar keke aka haɗa da gam, ba ta taɓa ba da sauti tsayayye. Kaurinta ba ɗaya ba ne, mahaɗin kuma zai yi tsalle duk sanda ya bi ta kan fuli. Dafa tsohon bel a ruwan zafi yana ɗan tsuke shi, na kwana biyu.

'Yar tayar roba ita ce ke cikin mafi yawan rediyogiram, waɗanda injin cikinsu na kamfanonin Ingila ne, BSR ko Garrard. Robar takan ƙeƙashe ta yi sheƙi, ta riƙa sulɓi a jikin ƙarfe. Mafi muni, in an kashe na'urar daga bango ba a mayar da maɓallinta wurin hutu ba, tayar na nan matse da sandar moto shekara da shekaru, sai ta yi ɗan rami. Wannan ramin ne ke ba da ƙwas-ƙwas da rawar sauti a kai a kai. In robar na da sauran laushi, a bar ta tana juyawa a taɓa gefenta da lallausar sanfefa har sheƙin ya tafi, a goge ta da cikin bakin faranti da sifirit. Rage mata ɗan kauri ba ya canza sauri, tunda ita 'yar aike ce tsakanin moto da faranti. Abin da ke canza sauri shi ne tsayin da take zaune. Sandar moton hawa-hawa ce, kowane sauri da matakinsa, kuma robobin da moton ke zaune a kansu in sun tsufa sukan lotsa, moto ya sauka, taya ta koma tana cin gefen matakin da ba nata ba. Mai ko ɗigo ɗaya kada ya kusanci wannan taya.

Mai yana da wurinsa, kuma rashinsa ne cuta ta uku. Giris ɗin da aka sa a masana'anta, bayan ya sha ƙurar hunturu ta shekara arba'in, yakan daskare ya zama gam. Da bel a cire, a murza faranti da yatsa. Lafiyayye zai daɗe yana juyawa shiru kafin ya tsaya. In ya yi juyi biyu ya tsaya, ko ana jin gurzo, a zare shi a wanke sandar tsakiya da raminta, a kula da ɗan ƙwallon ƙarfen da ke ƙasan wasu, don in ya faɗi ƙasa samunsa sai an sha wuya. Ɗigo biyu ko uku na man keken ɗinki sun isa, haka ma bushin moto sama da ƙasa. Alamar moton da ya bushe ita ce ya fara a hankali ya ɗauki gudu bayan ya yi ɗumi, ko ya fara lafiya ya riƙa ja in ya yi zafi. Man gyaɗa da manja danƙo suke zama. Baƙin mai datti ne. WD-40 yana kwance abin da ya cije, amma ba ya zama madadin mai. A rediyogiram mai sauya faifai da kansa akwai babban giya a ƙarƙashin faranti. In giris ɗinsa ya daskare yakan riƙe faranti kusa da ƙarshen waƙa. Kada kuma a yi mamakin tarar da gidan zanzaro a jikin moto.

Garmaho nau'i na uku, wanda faranti ke zaune a kan moto, fasahar Japan ce da ta yaɗu bayan Technics SL-1200 na 1972. Shi da masu bel na ƙarshen shekarun 1970 da ke da na'urar daidaita gudu ba ruwansu da bugun wuta. Cutarsu datti ne a maɓallin ƙara sauri da na sauya 33 zuwa 45. A fesa musu maganin wanke maɓalli, a murɗa su gaba da baya sau da yawa, galibi shi ke nan. In sauri na ci gaba da yawo bayan na'ura ta yi ɗumi, kafasitocin ciki sun bushe, aikin mai gyaran rediyo ne da kuza. Ƙananan notocin saiti da ke kan allon ciki su ne abin taɓawa na ƙarshe, bayan an wanke komai. Mai batir kuwa, a sa masa sabon batir kafin a ce komai.

Wata ɗabi'a da ya kamata a bari ita ce ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle. Allurar da aka yi wa nauyin giram 2 zuwa 5, in aka danne ta, tana jan ƙaramin moto baya, tana kuma rarake hanyar faifai, ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Saura kakan su duka, garmaho mai wani, zuriyar wanda Emile Berliner ya yi wa rajista a 1887. Shi ba ya shan wuta. Sifirin ne ke jan sa, gwamna mai ƙwallaye uku ke riƙe gudunsa, wani ɗan ƙyalle ko fata na goga a jikin faifan ƙarfe yana yi masa birki. Ƙyallen ya bushe, sauti ya yi makyarkyata. Ɗigon mai ya isa. Ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe ƙwallayen ya karye, a sauya ukun tare don nauyinsu ya zo ɗaya. In ana cikin waƙa aka ji gum daga ciki, sauri ya yi tsalle, tsohon giris ne ya manne sifirin yana saki da ƙarfi. Wannan kam kada wanda bai iya ba ya buɗe gwangwaninsa, domin sifirin da ya kuɓuce yana iya tsinke yatsa. Allurarsa ta ƙarfe fuska ɗaya take yi a jefar. Nauyin kan da ke riƙe allurar ya haura giram 100, don haka faifan roba na 33 ko 45 in ya hau, ya gama yawo. Faifan 78 kuma kada sifirit ya taɓa shi, narkar da shi yake yi. Irin waɗannan faya-fayai ba abin rainawa ba ne: cikin waɗanda kamfanin Zonophone ya ɗauka a Landan daga 1927 don kasuwar Afirka ta Yamma har da na Hausa. Na farkon zamani ma ba duka ne 78 cif ba, Columbia ta daɗe tana yanka nata a 80, shi ya sa aka yi wa garmahon ɗan hannu na ƙara gudu da ragewa.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga waƙoƙin nan a waya? Tambayar ita ce ta ina suka shiga wayar. Daga faifai aka juye a kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan zuwa kwamfuta, kowace na'ura da nata gudun. Wanda ya tara kwafi biyu ko uku na tsohuwar waƙa ɗaya ya saurare su a jere, ba wuya ya ji muryar ba a wuri ɗaya take ba. Kuskuren da ya tsaya wuri ɗaya, kwamfuta na iya mayar da shi, in an san nawa ne. Lilo da makyarkyata kuwa sun shiga jikin sautin, fitar da su sai ƙwararru da manhaja mai tsada. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Har yanzu akwai dattawa a Tamburawa da Kura da Bunkure da suka ji su da kunnensu a fili, waɗanda za su iya cewa wannan ba muryarsa ba ce. Yaron da aka haifa bayansu, abin da aka tura masa a waya shi ne Shata a wurinsa.

Saboda haka, mai karatu, in akwai garmaho a gidanku, kada a miƙa wa 'yan jari-bola don an ji yana jan murya. In kuma kana shirin juye faya-fayan gidanku zuwa kwamfuta, ka kashe janareta, ka jona inbata, ka manna takardarka a gefen faranti. Kada ka danna maɓallin ɗauka sai ka ƙirga juyi 100 a minti 3.